Na rame amma nono bai ragu ba, ko in je a yi min aiki?

Wannan maganar na daɗe ina son in yi ta, don kusan duk sati sai wata ta ja ni gefe bayan an tashi daga awo, ta yi ƙasa da murya ta ce "Sista dan Allah ina da tambaya amma kunya nake ji." Kwanaki wata ce mai yara uku, ta ce wata 7 kenan da ta bar lemon kwalba, ta rage tuwo da shinkafa, kullum bayan asuba sai ta zagaya unguwa a ƙafa, ta sauke kilo 11, siket ɗinta duk sai da tela ya rage mata su, amma bireziya tana nan a lambarta ko motsi ba ta yi ba. Ta zame mayafi ta nuna min kafaɗarta, wallahi igiyar bireziyar ta yi rami a wurin har fatar ta yi baƙi, na sa yatsa ya shige. Ƙarƙashin nonon kuwa ya yi jawur ya saɓule, ta barbaɗa hoda ta cusa tsumma don ya tsotse gumi. Maigidan ya ce iyayi ne kawai, ƙawayenta kuma suka ce ta gode Allah, wasu kuɗi suke kashewa suna neman irin nata.

To bari mu fara da abin da ya ɗaure mata kai. Nono ba tsoka ba ne. Kitse ne da naman da ke haɗa ruwan nono, sai fata da wasu siraran zaruruwa da ke riƙe da su, tsokar tana can ƙasa a jikin ƙirji. Kuma yadda kitsen da naman suke rabuwa kowace mace da nata, yawanci gado ne, ki duba mahaifiyarki da gwaggonninki za ki gane. Wadda nata kitse ya fi yawa, tana fara ramewa wurin ne zai fara nunawa, har ta zo tana kuka wai ya tsiyaye. Wadda nata naman ne ya fi yawa kuwa, ko ta rame ta koma kamar sillen kara nonon kaɗan zai ragu, don yunwa ba ta narkar da wannan naman, wani lokacin ma sai ya fi fitowa tunda sauran jikin ya janye. 'Yan mata da masu ƙuruciya su suka fi shiga wannan sahun, mace in ta manyanta al'ada ta ɗauke sai naman ya ja baya kitse ya maye wurin. Saboda haka ba wai ba ki yi ƙoƙari ba ne 'yar uwa, halittarki ce haka.

Sannan jiki ba a zaɓar masa inda zai sauke kitse. Motsa jikin da ake tura muku a WhatsApp wai na rage nono, tsokar ƙasa yake ƙarfafawa, yana da amfani ga baya da kafaɗa, amma bai taɓa nonon kansa. Man shafawa da sabulu da ake tallatawa ba abin da suke yi sai ƙona fata. Shayin rage ƙiba kuwa da yawansu zawo da fitsari kawai suke sa ki, ruwa ya fita sikeli ya nuna kin ragu, bayan kwana uku ya dawo, kuma ba ki san me aka zuba a ciki ba, ƙodarki da hantarki ke biyan bashin. Ɗaure ƙirji tamau da ɗankwali shi ma ba ya ragewa, sai dai ya hana ki numfashi ya ƙara miki ƙuraje. Wani abin da nake yawan tambaya kuma sai a sunkuyar da kai, shi ne ko an taɓa shan maganin ƙiba irin su sha ka fashe lokacin biki, don akwai wadda matsalarta daga nan ta faro.

Wani abu da ba a faɗa wa masu rage ƙiba shi ne zubewa. Kitse in ya tafi fatar da ta riga ta miƙe ba lallai ta koma ba, musamman in an rame da sauri ko an shayar da yara da yawa, sai nonon ya kwanta, nauyin ya ragu amma tsawon yana nan. Shi ya sa muke cewa a bi a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati ya isa.

Nan kuma sai na tsaya na ja kunne. In kina ramewa ba tare da kin nemi ramar ba, wannan ba abin murna ba ne, a je a duba suga, tarin fuka, maƙogwaro da sauransu. Haka in nono ɗaya ne ya canza shi kaɗai, ko kin ji kullutu, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemu, ko kan nonon ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko kaluluwa a hammata da ta ƙi tafiya, ki ajiye maganar ƙiba da rama gefe ki tafi asibiti cikin satin nan, kar a tsaya shafe-shafe.

Kafin a kai ga tiyata akwai abin da ake gwadawa. Mafi yawan matan da nake gani bireziyarsu ba lambarsu ba ce, an ɗauko a gwanjo an kara a ƙirji an ce ta yi. Ki nemi mai faɗin igiya da faɗin ɗamara, don ɗamarar ƙasa ce ya kamata ta ɗauki nauyin ba kafaɗa ba. Ƙarƙashin nono a wanke a tsane shi sosai kafin a sa kaya, a sa auduga, in ya yi ja yana ƙaiƙayi akwai man da muke rubutawa na irin wannan ƙurajen, kar ki je kemis a haɗa ki da man bilicin. Wasu da wannan kaɗai da 'yar rage ƙiba sun samu sauƙi.

Amma akwai wadda ta yi duk wannan, wuya da gadon baya ba su daina ciwo ba, hannu na sagewa, ruku'u ma da ƙyar, ba ta iya kwanciya rigingine sai ta ji numfashi na tokarewa. Wannan lalura ce, kuma aikinta sananne ne a wurin likitoci. Ana sa mutum barci gaba ɗaya, aikin kan ɗauki awa 2 zuwa 4, a cire wani ɓangare na nama da kitse da fata, a ɗaga kan nonon zuwa sama a ɗinke. Abin da aka cire ana kai shi ɗakin gwaji a duba, kuma in kin kai shekara 40 yawanci sai an ɗauki hoton nonon tukuna. Bayan aiki akwai kusan sati 6 da ba ɗaukar bokitin ruwa, ba daka, ba goyo, don haka tun kafin ranar sai an san wa zai riƙe gidan.

Tabo dole ne, wannan kar wani ya ruɗe ki. Zai zagaye kan nonon, ya sauko tsaye, sau da yawa ya bi ta lanƙwasar ƙasa. Mu kuma baƙar fata mun fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda ke tasowa bayan hujin kunne, in kina da irin wannan jikin ki faɗa wa likita tun farko. Kan nonon zai iya rage ji, wata ya dawo bayan watanni wata kuma shikenan. Ɗinki zai iya jinkirin warkewa, musamman ga mai ciwon suga da bai daidaita ba ko mai shan shisha da taba, eh na san akwai, ba sai an ɓoye min ba. Girman biyun ma ba lallai ya zo daidai cif ba.

Babbar maganar a wurinmu ita ce shayarwa. Ana yanke wasu hanyoyin ruwan nono a wurin aikin, wasu matan suna shayarwa bayan haka lafiya lau, wasu ruwan ba ya isar jariri, kuma ba likitan da zai rantse miki a kan wanne za ki faɗa. Ki tuna kuɗin madarar gwangwani da kuma ruwan da za a dama ta da shi. Ga shi kuma wani cikin zai iya sake ƙara girman. Shi ya sa ake son a jera abubuwan: yarinya ta gama girma, yawanci bayan shekara 18, mai shayarwa ta yaye ta ƙara kamar wata 6, mai rage ƙiba ta kai inda za ta tsaya nauyin ya zauna wuri ɗaya na wasu watanni. In aka yi aiki sannan kika sauke kilo 15, zai sake zubewa, kuɗi da wahala sun tafi a banza. Likitoci da yawa suna son awon BMI, wato lissafin nauyin mutum a kan tsawonsa, ya sauko ƙasa da 30, misali mai tsawon mita 1.6 kar ta wuce kilo 76 ko 77.

Wurin yi kuma, dan Allah ba Instagram ake neman likita ba. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na ABU da ke Shika suna da sashen likitocin gyaran jiki da ƙuna, a nan ake farawa, da takardar turawa daga asibitinku. In na kuɗi za ki je, ki tabbata likitan yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, kuma wannan fannin ya karanta, ki tambaya wa zai ba da maganin barci, akwai jini a ajiye, in matsala ta taso da dare wa za a kira. Wanda ya ji haushin tambaya ki ɗauki jakarki. Masu damuwa da hukuncin addini kuma, malamai suna bambanta gusar da cuta da neman ado kawai, ki je wa malaminku da bayanin likita a hannu ba da jita-jita ba.

Ita baiwar Allahn nan mai yara uku na rubuta mata man shafawa, na auna ta da tef na faɗa mata lambar da za ta nema, ashe wadda take sawa ta yi mata kaɗan da nisa. Da na zo maganar shayarwa sai ta yi shiru, ta ce ita fa shekararta 31 kuma tana son ƙarin ko guda ɗaya ne. Na ce to ki zo min da maigidan ranar Talata ya ga kafaɗar nan da idonsa, sai mu zauna mu uku. Ta ninke takardar ta cusa cikin katin asibiti ta ce za ta gwada shawo kansa.