Insufficient

Insufficient kalmar Ingilishi ce, siffa, mai nufin abin da bai isa ba, ko bai kai gwargwadon buƙata ba. Gaɓoɓinta huɗu ne, ana kuma ƙarfafa murya a ta uku: in-sa-FI-shant. Kishiyarta ita ce sufficient.

Asali

Tushenta Latin ne. A wannan harshe akwai aikatau sufficere, wato "wadatar", wanda aka gina da sub, "ƙarƙashi", da facere, "yi". Da aka ɗora masa ɗafin korewa in- sai aka sami insufficiens. Ta shigo Ingilishi ta hanyar tsohon Faransanci, a wajajen ƙarshen ƙarni na 14 bisa ƙiyasin masana.

Shigowar tata na da dalili. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. Su kuwa mutanen gari da ma suna da tasu, enough, wadda ta fito daga genog ta tsohon Ingilishi, 'yar uwar genug ta Jamusanci. Baƙuwar ba ta kori 'yar gida ba, raba aiki suka yi: not enough ta zauna a bakin jama'a, insufficient ta tare a takarda. Har yau Bature a teburin abinci zai ce gishiri not enough, da wuya ya ɗauko ɗayar.

A da ana jingina kalmar ga mutum ma, a ce wane insufficient ne, ma'ana bai cancanci aikin da aka ɗora masa ba. Wannan ma'ana ta shuɗe, sai a tsofaffin rubuce-rubuce, kuma abin lura ne yadda ta yi kusa da "wane bai isa ba" ta Hausa. An kuma taɓa yin amfani da siffar unsufficient, ita ma ta ɓace.

Inda ake amfani da ita

A banki aka fi saninta. Duk wanda ya taɓa miƙa kati ga mai POS, 'yar takarda ta fito da insufficient funds, ya san nufinta ko da bai yi boko ba: kuɗin da ke asusun ba su kai ba. Haka kamfanonin waya ke sanar da insufficient balance idan katin kira ya ƙare. A kotu, insufficient evidence na nufin shaidar da aka kawo ba ta isa a kama mutum da laifi ba. A Nijar kuwa, takwararta ta Faransanci, insuffisant, ita ce malami ke rubutawa da jan biro idan aikin ɗalibi bai kai ba.

Likitoci sun fi ɗaukar sunan da aka samo daga gare ta, insufficiency, don gaɓar da ta kasa cika aikinta, kamar ƙoda ko jijiyoyin jini na ƙafa. Cutar da likitan Ingila Thomas Addison ya bayyana a 1855, wadda a cikinta wasu 'yan gaɓoɓi da ke saman ƙoda ke kasa aikinsu, na cikin wannan rukuni.

Makusantanta

Ana yawan cewa insufficient ta shafi yawa ne, inadequate kuma inganci. Marubuta da dama ba sa kiyaye wannan bambanci.