Tara Tsofaffin Kyamarori da Tarihin Kayan Ɗaukar Hoto

Tara tsofaffin kyamarori wani reshe ne na adana kayan tarihi, inda mutum ko gidan tarihi ke nemo na'urorin ɗaukar hoto da aka daina ƙerawa, ya tantance asalinsu da shekarunsu, sannan ya kiyaye su daga lalacewa. Abin da ake tarawa ya haɗa da jikin kyamarar, da idonta, wato jerin gilasan da ke tattara haske su jefa siffa a kan faranti ko fim, da ma'aunin haske, da kayan ɗakin duhu inda ake wanke hoto, har da kwalaye da takardun bayanin da aka sayar da ita tare da su. Wasu masu tarawa kamfani ɗaya suke bi, wasu zamani ɗaya, wasu kuwa ba sa sayen abin da ba za su iya ɗaukar hoto da shi ba. Duk wanda ya jera waɗannan kaya bisa shekarunsu zai ga cewa matsaloli biyu ne maƙera suka yi ta fama da su fiye da shekara 100: tsawon lokacin da haske ke buƙata kafin ya bar siffa, da nauyin kayan da mai hoto zai ɗauka. Da yawa daga cikin kyamarorin da suka yi fice a tarihi sun yi ficen ne saboda sun rage ɗaya daga cikin biyun.

Asali

Tun kafin a iya kama siffa a ajiye, an san cewa haske idan ya shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar huda yakan zana abin da ke waje a jikin bango, amma a kife. Masanin nan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya yi bayanin wannan ta hanyar gwaji. Daga baya masu zane a Turai suka mayar da ɗakin ƙaramin akwati mai gilashi a gaba, suna bin layukan siffar da alƙalami. Abin da ya rage shi ne sinadarin da zai riƙe siffar da kansa.

Bafaranshen nan Nicéphore Niépce ne ya bar hoton kyamara mafi tsufa da ya rage a duniya, wanda ya ɗauka ta tagar gidansa a 1826 ko 1827, a kan farantin ƙarfe da ya shafa wa wani irin kwalta. Hoton yana Jami'ar Texas a Amurka. Abokin aikinsa Louis Daguerre ya ci gaba bayan rasuwarsa, ya samo hanyar amfani da farantin tagulla mai rufin azurfa da ake fito da siffarsa da tururin zaiba, aka kuma bayyana wa duniya sirrin a Paris ranar 19 ga Agusta, 1839. A shekarar ce Alphonse Giroux ya fara sayar da kyamarar katako mai akwati biyu, ɗaya na zamewa cikin ɗaya don daidaita siffa, ɗauke da tambarin sa hannun Daguerre. Ɗaya daga cikin irinta an yi gwanjonta a Vienna a 2010 a kan yuro 732,000.

Idon Petzval

Idon da ke kan kyamarar Giroux, ƙirar Charles Chevalier, haske kaɗan yake shigarwa, don haka sai an bar shi a buɗe na mintoci da dama ko da rana ta take. Gini zai jure wannan, ɗan Adam kuwa ba zai iya ba. A 1840 wani malamin lissafi a Jami'ar Vienna, Joseph Petzval, ya tsara sabon ido mai buɗewar f/3.6, wato mai faffaɗar huda, wanda ke shigar da haske ninkin na Chevalier fiye da sau 15. Muhimmancinsa ya wuce saurinsa, domin shi ne idon hoto na farko da aka fitar da sifofin gilasansa ta hanyar lissafi a takarda kafin a goge gilashin, a lokacin da sauran maƙera ke gogewa suna gwadawa har su dace. Da wannan ido, tare da gyaran da aka yi wa sinadarai, zaman ɗaukar hoton mutum ya sauko ƙasa da minti ɗaya, sai gidajen hoto suka buɗe a manyan biranen Turai da Amurka.

Kamfanin Voigtländer ne ya ƙera idon, amma daga baya suka ɓata da Petzval kan haƙƙin ƙira, kamfanin ya buɗe masana'anta a Braunschweig ta Jamus, inda kariyar da Petzval ke da ita a Ostiriya ba ta kai ba. Maƙera a Faransa da Ingila ma suka kwaikwaya. Shi ya sa idanun tagulla masu ƙirar Petzval suke da yawa a kasuwar kayan tarihi, kuma da dama ba su da sunan maƙeri ko kaɗan. Masana kan duba tsagar da ke gefen bututun, wadda ake zura ɗan faifan ƙarfe mai huda don rage haske: John Waterhouse ne ya kawo wannan dabara a 1858, saboda haka idon da aka ƙera da ita tun asali bai girmi wannan shekara ba. Har yanzu masu hoto na neman waɗannan idanu saboda tsakiyar hotonsu na fita tar, gefe kuma ya yi laushi yana ɗan juyawa, abin da a da ake ɗauka aibi ne.

Daga faranti zuwa fim

A 1851 Frederick Scott Archer ya fito da farantin gilashi mai jiƙaƙƙen sinadari, wanda dole a shafa shi, a ɗauki hoton, a kuma wanke kafin ya bushe, cikin minti 10 zuwa 15. Mai hoto sai ya tafi da ɗakin duhunsa duk inda za shi, kamar yadda Roger Fenton ya yi da keken doki a yaƙin Kirimiya a 1855. Kyamarorin wannan zamani na katako ne, da yawansu da fata mai naɗewa tsakanin ido da faranti irin ta zuga-zugin maƙera, kuma ana gane wadda ta yi aiki da jiƙaƙƙen faranti ta baƙin tabon ruwan azurfa da ya ɗiga a cikin katakonta. Wannan tabo shaida ce, kuma kuskure ne babba a kankare shi don kyamarar ta yi kyan gani. Busasshen faranti, wanda Richard Leach Maddox ya share wa hanya a 1871, ya raba mai hoto da ɗaukar ɗakin duhu, kuma saurinsa ya sa aka buƙaci ƙyauren haske mai buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido, maimakon cire marfi da hannu.

George Eastman na Rochester ta Amurka ya kammala sauyin a 1888 da kyamarar Kodak. An riƙa sayar da ita dala 25 da fim na hoto 100 a ciki. Idan ya ƙare sai a aika da kyamarar gaba ɗaya kamfani, a biya dala 10, a dawo da ita da sabon fim da hotuna masu siffar da'ira. A 1900 kyamarar Brownie ta kamfaninsa ta fito, ta kwali, a kan dala 1. An ƙera irinta da yawan da ya sa yau ba ta da tsada, amma ba a iya ba da tarihin hoto ba tare da ita ba, domin ita ce ta sa kyamara a hannun yara da talakawa.

Jena, Wetzlar da abin da ya biyo baya

A garin Jena na Jamus, haɗin gwiwar Carl Zeiss da masanin kimiyya Ernst Abbe da mai narka gilashi Otto Schott ya samar da sababbin nau'o'in gilashi a shekarun 1880, waɗanda suka ba da damar gyara dishi-dishin gefen hoto. Paul Rudolph na Zeiss ya tsara idanun Planar a 1896 da Tessar a 1902, a Ingila kuma Dennis Taylor ya tsara ido mai gilashi uku a 1893. Yawancin idanun ƙarni na 20 jikokin waɗannan ƙire-ƙire ne. A 1935 Alexander Smakula na Zeiss ya samo siririn shafin da ke hana haske warwatsuwa a fuskar gilashi, wanda ke sa ido ya riƙa ƙyallin shuɗi ko shunayya. Wannan ma hanya ce ta ƙiyasta shekarun ido, tun da shafin bai yaɗu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Oskar Barnack, injiniya a kamfanin Leitz da ke Wetzlar, ya ƙera ƙaramar kyamara wajen 1913 zuwa 1914 mai amfani da fim ɗin silima na milimita 35, da hoto mai girman milimita 24 da 36, bisa tunanin cewa a ɗauki hoto ƙarami a faɗaɗa shi wajen wankewa. An yi kimanin guda 25 na gwaji a 1923, sannan ta shiga kasuwa da sunan Leica a 1925. Rolleiflex mai ido biyu ta biyo a 1929, Contax a 1932, Kine Exakta ta Dresden a 1936. Bayan yaƙi Tarayyar Sobiyet ta kwashe injunan Contax zuwa Kiev ta ci gaba da ƙira da sunan birnin, Japan kuwa ta fara da kwaikwayo ta ƙare da jagoranci. Sunan idanun Nikkor na Japan ya fita ne bayan David Douglas Duncan na mujallar Life ya yi aiki da su a yaƙin Koriya a 1950, kuma fitowar Nikon F a 1959 ta karkatar da 'yan jarida daga kayan Jamus. A 1975 Steven Sasson na Kodak ya haɗa kyamarar dijital ta farko, mai nauyin kilo 3.6, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto ɗaya a kaset.

Daraja da jabu

Abubuwan da ke ɗaga farashi su ne ƙarancin kayan, da lafiyarsa, da kasancewar sassansa na asali, da sanin hannun da ya bi. Leica ta gwaji mai lamba 122 an sayar da ita yuro miliyan 2.4 a 2018, mai lamba 105 kuwa, wadda ta Barnack ce da kansa, ta kai yuro miliyan 14.4 a gwanjon Wetzlar a 2022. Irin waɗannan alƙaluma suna ruɗar jama'a, su sa mutum ya zaci duk tsohuwar kyamarar da ya tarar a akwatin kakansa dukiya ce, alhali mafi yawan abin da aka ƙera an yi shi ne da dubbai ko miliyoyi. Lambar da masana'anta ta buga a jiki da a ido ita ce abu na farko da ake dubawa, domin kamfanoni irin su Leitz da Zeiss sun bar jadawalin da ke nuna shekarar kowace lamba.

Jabun da ya fi yawo shi ne na Leica. A 1934 aka fara ƙera kyamarar FED a Kharkiv ta Yukren bisa kwaikwayon Leica II, daga baya Zorki ta biyo, kuma 'yan damfara kan goge sunansu, su zana na Leica, wani lokaci su shafa ruwan zinariya su ƙara tambarin sojan Jamus. FED da ba a taɓa ba ta fi irin wannan daraja a wurin mai ilmin abin, domin tana ba da labarin gaskiya na masana'antar da ta fito. Tun da kyamarorin dijital marasa madubi suka fara fitowa a 2008, ana iya ɗaura musu tsofaffin idanu da zoben haɗi, abin da ya farfaɗo da kasuwar idanu irin su Helios-44 da Takumar.

A Afirka ta Yamma

Kyamara ta iso gaɓar Afirka ta Yamma tun zamanin farantin azurfa: Augustus Washington ya koma Laberiya daga Amurka a 1853 da kayan aikinsa, Jonathan Adagogo Green na Bonny a Najeriya kuma ya yi suna a ƙarshen ƙarni na 19. Seydou Keïta na Bamako ya fara da Brownie da kawunsa ya ba shi a 1935, J. D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ma da Brownie ya fara a 1950, Malick Sidibé na Mali kuwa ya haɗa ɗaukar hoto da gyaran kyamara, har kantocin shagonsa suka cika da su. Hotunan waɗannan mutane sun shiga gidajen tarihin duniya, amma kayan aikin ɗimbin masu hoto na birane irin su Kano da Kaduna da Damagaram ba su sami mai kula ba lokacin da sana'ar ta koma dijital. Kyamarar tsohon shagon hoto, idan an rubuta sunan mai ita da garin da shekarun da ta yi aiki, an kuma ajiye ta tare da fina-finan da ta ɗauka, ta cancanci adanawa ko da ba za ta yi kuɗi a gwanjon Turai ba.

Adanawa

Babban abokin gaban ido shi ne danshi, wanda ke haifar da fumfuna a cikin gilashi. Idan ta daɗe takan cinye shafin ta bar tabon da ba ya gogewa. Jakar fata a rufaffen akwati lokacin damina ita ce mafi munin ma'ajiya, don haka ake so a ajiye kaya a wuri mai iska, danshinsa wajen kashi 40 cikin 100. Ƙurar hunturu kuma a hure ta ake yi kafin a sa ƙyalle, in ba haka ba ta karce gilashin. Ƙyauren Leica da makamantanta na yadi ne, rana na iya ƙona shi ta cikin ido idan an bar kyamarar ba marfi tana kallon sama. Wasu idanun shekarun 1950 da 1960, kamar Super-Takumar na milimita 50, an sa sinadarin toriyom a gilashinsu, shi ya sa suke yin rawaya da tsufa, kuma shanya su a hasken rana na rage launin. Batir ba a barinsa a ciki saboda yoyo, kuma irin na zaiba mai ƙarfin bolt 1.35 da tsofaffin ma'aunan haske ke buƙata an daina yin sa, sai da madadi. Tsohon fim mai sinadarin naitiret yana kama wuta da sauƙi, dole a ware shi daga sauran kaya a wuri mai sanyi.

Wajen gyara, gidajen tarihi irin su na George Eastman a Rochester da na Niépce a Chalon-sur-Saône sun fi karkata ga tsayar da lalacewa ba tare da sabunta kaya ba. Mai amfani da kyamara yana da hujjar sa mata mai da canza soson da ke toshe haske, amma idan ya canza fata ko wani sashe, ya kamata ya ajiye na asalin ya kuma rubuta abin da aka yi da ranar da aka yi shi, domin wanda kyamarar za ta koma hannunsa.