Mece ce inshorar kuskure da sakaci ta dillalan gidaje?

Gidan da dillali ke tallatawa na wani ne, kuɗin da za a ƙirga ma na wani ne. Nasa a cinikin shi ne magana: faɗin filin kaza ne, rufin ba ya yoyo, takardu sun cika, babu rigimar gado a kai. A kan wannan maganar mai saye yake zuba abin da ya daɗe yana tarawa, a kanta kuma dillali yake cin la'ada. To idan maganar ta zo ba haka ba fa, kuma ba da gangan ya yi ba? Wa zai ɗauki asarar?

Amsar da ƙasashe da dama suka bayar ita ce inshorar alhakin sana'a. Amurkawa suna ce mata E&O, wato inshorar kuskure da barin abin da ya kamata a yi. A Ingila da Najeriya kamfanoni suna sayar da irinta ga lauyoyi da likitoci da akantoci da masu ƙiyasta darajar gidaje. Yadda take shi ne dillali ya riƙa biyan kamfanin inshora wani kuɗi duk shekara, shi kuma kamfanin ya ɗauki alkawari cewa in wani ya maka dillalin a kotu saboda kuskure ko sakaci a bakin aiki, zai ɗauko lauya ya kare shi, in an yanke diyya kuma ya biya, har zuwa iyakar da aka rubuta a yarjejeniya. Kada a haɗa ta da inshorar gida, wadda mai gida ke yi saboda gobara ko ambaliya ko ɓarayi. Wannan ta dillali ce, kuma abin da take karewa shi ne aljihunsa a ranar da aikinsa ya cutar da wani.

Akwai wata shari'a da duk mai koyon dillancin gidaje a jihar Kalifoniya yake jin labarinta, kuma ita ta fi nuna dalilin wannan inshora. A 1976 wata mata mai suna Easton ta sayi gida a garin Diablo a kan dala 170,000, gida mai kwamin wanka da ɗakin baƙi a gefe. Ba a daɗe ba ƙasa ta fara zamewa. Hanyar shiga da mota ta lalace, bango ya tsattsage, ƙofofi suka karkace. Ashe a kan ƙasar ciko aka yi ginin, ba a kuma daddale ta yadda ya kamata ba. Waɗanda suka sayar mata da gidan, iyalin Strassburger, sun ga zaizayar har sau biyu kafin su sayar, suka yi shiru ba su gaya mata ba, ba su kuma gaya wa dillalan nasu ba.

Dillalan suka ce ai ba su sani ba, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma sun zagaya gidan. Sun ga ragar da aka shimfiɗa a jikin gangare don riƙe ƙasa. Sun lura daɓen ɗakin baƙi bai daidaita ba. Sun san akwai ciko a wurin. Ba su nemi a gwada ƙasar ba, ba su kuma ce wa mai saye ta yi hattara ba. Masu taya alƙali yanke hukunci suka sa diyyar dala 197,000, suka ɗora wa masu gidan kashi 65 cikin ɗari na laifin, kamfanin dillalan kuma kashi 5 kacal. Sai dai a irin wannan hukunci wanda aka cuta yana iya bin duk wanda ya fi ƙarfin biya a cikin waɗanda aka samu da laifi, don haka kashi 5 ɗin ba ƙaramin abu ba ne. A 1984 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa wajibi ne dillali ya duba gida da idon basira, ya kuma faɗa wa mai saye aibin da dubawar za ta nuna. Shekara guda bayan nan majalisar jihar ta rubuta wannan wajibi a doka, ta taƙaita shi ga abin da ido zai iya gani, ta kuma ba mai saye shekara biyu ya shigar da ƙara.

Abin lura a nan shi ne dillalan ba damfara suka yi ba. Gani suka yi suka wuce. Mafi yawan ƙararrakin da ake kai dillalai irin wannan ne: an rubuta girman gida ya fi yadda yake, an ce ana iya ƙara bene a unguwar alhali dokar tsara gari ta hana, an manta da wa'adin wata takarda har ciniki ya ruguje, ba a ambaci yoyon da aka shafe da fenti ba. A Amurka dokar tarayya ta 1992 ta wajabta a sanar da mai saye haɗarin fenti mai dalma a gidajen da aka gina kafin 1978, kuma dillali na da alhakin tabbatar da an yi hakan. Takarda ɗaya da aka manta ta isa ta kai mutum gaban alƙali. Ko da ƙarar ba ta da tushe, sai an biya lauya kafin a wanke shi, kuma sau da yawa kuɗin lauyan ne ke karya ƙaramin dillali tun ba a kai ga hukunci ba.

Akwai wata inshorar alhaki ta biyu da ake yawan sayen ta tare da wannan, wadda ta shafi rauni a jiki ko ɓarnar kaya. Mai neman gida ya zo ofis ya zame a kan tayil mai ruwa ya karye, ko allon talla ya faɗo wa motar wani. Ita ba ruwanta da shawarar da dillali ya bayar, kamar yadda E&O ba ruwanta da karayar ƙafa. Iyakar da aka saba sayarwa ga ƙananan ofisoshi a Amurka ita ce dala miliyan 1 a kowane haɗari, miliyan 2 a shekara, kuma sau da yawa mai ginin da ya ba da hayar ofis ne ke sharɗanta ta. Mai ma'aikata yana buƙatar inshorar raunin ma'aikata, mai ɗaukar abokan ciniki a motarsa kuma ya tabbatar inshorar motar ta amince da zirga-zirgar kasuwanci. Waɗannan a bayyane suke.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne abin da inshorar ba ta biya, domin nan ne ake yi mata mummunar fahimta. Ba ta biyan ganganci. Dillalin da ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu yana sane, ko ya buga takardar bogi, ko ya cinye kafin alƙalamin da aka ba shi amana, wannan laifi ne, kamfani ba zai ɗauke masa ba. Yawancin yarjejeniyoyi kuma suna cire ko taƙaita cinikin gidan da dillalin kansa yake da hannun jari a ciki, da matsalar gurɓatar muhalli, da ƙarar nuna wariya ga mai neman gida, wadda dokar Amurka ta 1968 ta haramta. Wasu kamfanonin kan ba da ɗan kason kuɗin lauya a irin waɗannan, wasu sai an ƙara kuɗi. Haka ma damfarar intanet da ta yi yawa a cinikin gidaje, inda ɓarayi ke kutsawa imel ɗin dillali su aika wa mai saye lambar asusun bogi ranar biya. Wannan galibi sai da wata inshora ta daban. Ni a ganina cire ganganci daidai ne ƙwarai. Da inshora za ta biya wa maci amana, da ta zama lasisin cuta, kuma masu gaskiya ne za su riƙa biyan kuɗin.

Batun wajibci kuwa, a Amurka kowace jiha ce ke ba da lasisin dillanci, don haka kowace da dokarta. Jihohi fiye da goma sun wajabta E&O ga duk mai lasisin da ke aiki, cikinsu har da Kolorado da Kentaki da Tenesi da Ayowa da Luwiziyana da Misisipi da Nebraska da Aidaho. A waɗannan jihohin ba a sabunta wa mutum lasisi sai ya nuna shaidar inshora. Kolorado, alal misali, ta sa mafi ƙarancin iyaka dala 100,000 a kowace ƙara, dala 300,000 a shekara. Manyan jihohi kamar Kalifoniya da Niu Yok ba su wajabta wa kowane dillali ba, amma a aikace kusan duk kamfanin dillanci mai suna yana da ita, bankunan da ke ba dillalai gidajen da suka ƙwace su sayar ma sukan nemi a nuna musu. A lardin Ontariyo na Kanada tilas ce ga duk mai rajista. A Birtaniya ƙungiyar masu safiyo da ƙiyasin kadara ta RICS ta wajabta wa kamfanonin da ke ƙarƙashinta, kuma tun Afrilun 2019 dillalan haya a Ingila da ke riƙe kuɗin mutane dole su shiga wani tsari da zai mayar wa mai kuɗi kuɗinsa in dillali ya gudu da su ko ya karye.

Nawa ake biya? Ya danganta da ta ƙofar da aka shiga. Jihohin da suka wajabta ta sukan yi yarjejeniya da kamfani ɗaya a yi wa dubban dillalai inshora a dunƙule, kuma ba a hana kowane mai lasisi shiga. Saboda yawan mutane farashin kan sauka, galibi daga dala ɗari da wani abu zuwa 'yan ɗaruruwa a shekara. Wanda ya saya da kansa a kasuwa, da iyaka mai girma kamar dala miliyan 1, yana iya biyan ɗaruruwa masu yawa ko ya haura dubu. Dillalan da ke aiki a ƙarƙashin kamfani sau da yawa ba sa ganin takardar ma; ana cire musu wani abu duk wata, ko a kowane cinikin da suka kammala. Abin da kamfanin inshora ke dubawa kafin ya yanka farashi shi ne yawan la'adar da ofis ke samu, da adadin dillalansa, da ko an taɓa kai su ƙara, da irin cinikin da suke yi. Mai sayar da gidajen zama ya fi samun sauƙi a kan mai sayar da manyan shaguna da masana'antu, ko mai kula da gidajen haya, ko mai ƙiyasta daraja, domin kuskure a can ya fi tsada.

Sai kason da dillali ke fitarwa daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu. A ce iyakar inshorarsa dala 100,000 ce, kasonsa dala 1,000, aka sasanta ƙara a kan dala 40,000. Zai biya dubu ɗaya, kamfani ya biya 39,000. In kuwa hukunci ya kai 150,000, abin da ya haura iyaka a wuyansa yake. Ya kamata kuma ya duba ko kuɗin lauya a cikin iyakar yake ko a wajenta. In a ciki yake, duk ranar da aka ƙara a kotu tana cin abin da za a biya diyya da shi.

Akwai wani sharaɗi da ke kayar da dillalai da yawa. Wannan inshora tana aiki ne da ranar da aka kawo ƙorafi, ba ranar da aka yi kuskuren kaɗai ba. Mutum ya sayar da gida a 2021 yana da inshora, ya bar ta ta mutu a 2023, mai saye ya gano aibi ya kawo ƙara a 2024: babu wanda zai kare shi, duk da cewa lokacin cinikin yana biya. Kowace yarjejeniya tana ɗauke da ranar da kariya ta faro, kuma in aka samu giɓi ko na ɗan lokaci wajen sabuntawa, ranar tana iya dawowa sabuwa, ayyukan shekarun baya su zama ba su da kariya. Shi ya sa mai shirin barin sana'ar ko yin ritaya yake sayen ƙarin wa'adi na shekara ɗaya ko biyu ko fiye. Kuma da zarar takardar lauya ta iso, ko ma mai saye ya fara barazana a rubuce, dole a sanar da kamfani nan take. Dillalin da ya ce bari ya lallaɓa ya sasanta da kansa tukuna, ya amsa laifi ko ya yi alkawarin biya, yana iya rasa kariyar gaba ɗaya.

A gida Najeriya, sana'ar kashi biyu take. Akwai masu ƙiyasta kadara da suka yi karatun abin, waɗanda hukumar ESVARBON da aka kafa a 1975 ke yi wa rajista, kuma su kamfanonin inshora na sayar musu da irin wannan kariya. Akwai kuma dillalin unguwa, wanda jarinsa waya ce da babur da sanin mutane, kuma ta hannunsa ake yin mafi yawan cinikin fili da haya a Kano da Kaduna da Zariya. Shi ba wanda ke tambayarsa takardar inshora. In ciniki ya ɓaci, ana komawa wurin shaidu da mai unguwa da shugaban dillalai, in ta ƙi a tafi ofishin 'yan sanda ko kotu, kuma sau da yawa a ƙarshe sai a tarar la'adar kashi 5 ko 10 da ya karɓa ta daɗe da ƙarewa, ba shi da abin da zai biya asarar miliyoyi. Wanda ya sayi filin da ya faɗa kan hanyar gwamnati shi ke kwana a ciki, ko da dillalin bai yi niyyar cutarsa ba. Wannan ramin ne inshorar take cikewa, kuma amfaninta ga mai saye bai gaza amfaninta ga dillali ba.

Da yawa daga cikinmu suna ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da rashin tabbas da malamai suka yi magana a kai. Hukumar NAICOM mai kula da inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da ke aiki a kan tsarin taimakekeniya, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya a biya wanda asara ta samu. Tsarin da jihohin Amurka suka bi na haɗa dillalai a dunƙule shi ne ya sauke farashi har ƙaramin dillali ya iya biya, kuma ƙungiyoyin dillalai na garuruwanmu suna da yawan mambobin da za su iya zama da irin waɗannan kamfanoni su nemi kwatankwacinsa. Amma kamfani ba zai karɓi alhakin cinikin da aka yi da baki ba. Zai nemi rajistar mambobi, da rubutacciyar yarjejeniya a kowane ciniki, da shaidar cewa an je ma'aikatar ƙasa an bincika takardun fili kafin a karɓi kuɗin kowa.