Nutso a ruwan sanyi: shirin da ɗan Bauchi ko Gombe zai yi kafin ya shiga

Ɗalibai da ma'aikata daga Bauchi da Gombe da ke fita Turai ko Afirka ta Kudu sukan ci karo da tallar yawon shiga ruwa tare da jagora. Iri biyu ne. Akwai nutso da tukunyar iska a goye, wanda ake kira sukuba, akwai kuma iyo a saman ruwa, fuska a ciki, ana numfashi ta bututu, wato sinokel. Ga tambayoyin da aka fi yi kafin irin wannan tafiya.

Na saba iyo a Wikki, nakan yi awa guda a ciki. Wannan bai isa shiri ba?

Ya nuna ka iya ruwa, amma bai koya wa jikinka sanyi ba. Ruwan Wikki da ke Yankari yana nan a wajen digiri 31 a ma'aunin Salshiyas, rani da damina. Silfra, wani tsagin dutse cike da ruwa a gandun Thingvellir na ƙasar Ayislan, tsakanin digiri 2 ne zuwa 4 duk shekara, domin narkakkiyar ƙanƙarar Langjökull ce ke tacewa ta cikin duwatsu ta ɓullo a wurin. Ruwan garau yake, ana hangen nisan da ya kai mita 100, shi ya sa mutane ke tururuwa can.

Kada ka auna shi da sanyin asubar hunturu da ke sa a hura wuta a ƙofar gida. Wancan sanyin iska ne, ruwa kuwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Idan fata ta haɗu da ruwan da bai kai digiri 15 ba farat ɗaya, mutum yakan ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, ya shiga haki, zuciya ta riƙa dukan uku-uku. Abin yakan lafa cikin minti 1 zuwa 3. Haɗarin shi ne fuska ta kasance a cikin ruwa lokacin wancan jan numfashin na farko. Don haka a hankali ake shiga, a jiƙa fuska, a tsaya a saman ruwa har numfashi ya daidaita, sannan a motsa.

Wane ne bai kamata ya shiga ba?

Nan muka fi so a tsaya a saurara. Mai cutar sikila, wato mai jinin SS ko SC, kada ya yi nutso, kuma ruwan sanyi ko da a samansa ne ba nasa ba ne. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, yana daga cikin sanannun abubuwan da ke tayar da ciwon. Mai AS ya kai maganar gaban likita tukuna. Muna jaddada wannan ne saboda sikila ta yawaita a gidajenmu, jagoran da ke can kuwa ba lallai ne ta faɗo masa a rai ba. Kai ne za ka ambata.

Sai hawan jini da ciwon zuciya. Sanyi yana kora jini daga hannuwa da ƙafafu zuwa ƙirji, aikin zuciya ya ƙaru. Ga wasu, musamman masu hawan jini, ruwan jiki yakan taru a huhu suna tsakiyar iyo: tari, numfashi ya gagara, a ga kaki mai kumfa. Wanda ya ji haka ya fita nan take, a kai shi asibiti. Farfaɗiya da juna biyu suna hana nutso. Asma da ciwon sukari sai da amincewar likita. Ko mura ce ta toshe hanci a ɗaga tafiyar, domin kunne ba zai buɗe ba idan ruwa ya fara matsa shi.

Kamfanonin sukan ba da takardar tambayoyin lafiya. Nemi a turo maka ita tun kana gida, ka kai wa likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a auna jininka, a duba ƙirji da kunne. Ɓoye ciwo don kada kuɗin tikiti ya salwanta ganganci ne da rai.

Wace riga ake sawa?

Ya danganta da ruwan. Akwai rigar roba mai barin ruwa kaɗan ya shiga, jiki ya ɗumama shi. Mai kaurin milimita 3 ta ruwan ɗumi ce, mai milimita 7 kuma ita ake sawa a ruwa irin na gaɓar Cape Town. Idan ruwa ya yi ƙasa da digiri 10, busasshiyar riga ake komawa, wadda ruwa ba ya ratsawa. Tana da zik na musamman da wata roba da ke kama wuya da wuyan hannu gam. Ita kanta ba ta da wani ɗumi sosai, kayan da ke cikinta da iskar da ke tsakani su ne ke riƙe zafi.

Robar wuyan za ta matse ka, haka aka yi ta. Amma in ka ji jiri ko kai ya fara sarawa, faɗa wa jagora a sauya maka. A cire zobe, agogo, ɗan kunne da sarƙa, domin ɗan yagewa kaɗan ya isa ruwa ya kwarara ciki. Wanda fatarsa ba ta jure robar safar hannu ta asibiti ya faɗa tun wuri, don da irinta ake yin wasu robobin wuyan.

A ciki fa, singileti da wandon shadda sun yi?

A'a. Auduga tana riƙe gumi, gumin ya huce a jikinka. Nemi doguwar riga da dogon wando masu kama jiki, na ulu ko irin yadin kayan 'yan wasa mai saurin bushewa, da safa mai kauri ta ulu, ƙafa biyu. A layin 'yan gwanjo na kasuwar Wunti ko babbar kasuwar Gombe akan samu irinsu lokacin sanyi, sai dai a duba takardar wuyan rigar a tabbatar ba auduga ba ce. Hula da safar hannu kuwa na roba mai jiƙewa ne, kai da hannuwa za su sha ruwa. Kada ka riƙa kaɗa hannu, duk kaɗawa tana korar ruwan da ya ɗumama ta shigo da sabo. Masu sinokel a Silfra sukan ɗora hannuwa a baya, su bar ruwa ya tafi da su.

Sai da takardar shaida?

Sinokel ba ya buƙata, iya ruwa da ƙoshin lafiya ake tambaya. Sukuba kuwa dole ne. Matakin farko na PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, yana ba da izinin zurfin mita 18, kuma kafin a ba ka sai ka yi iyon mita 200, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10. A Silfra ana ƙara neman shaidar horo da busasshiyar riga, ko rubutaccen nutso 10 da ita cikin shekara biyu da suka wuce.

Akwai dalilin wannan sharaɗi. Kowane zurfin mita 10 yana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, rigar ta manne wa jiki har ta tsunkuli fata. Sai a danna bawul ɗin ƙirji a ƙara iska kaɗan. Wajen tasowa iskar tana kumbura, dole a sake ta ta bawul ɗin kafaɗar hagu. Idan ƙafafu suka ɗaga sama da kai, iskar ta gudu can, sai mutum ya kife yana tashi sama ba birki. Maganinsa a naɗe gwiwa zuwa ƙirji, a mirgina, a ɗaga kafaɗar a fitar da iska. A wurin wanka mara zurfi ake koyon wannan har hannu ya saba, ba a ranar yawo ba.

An ce na'urar numfashi tana daskarewa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Iskar tukunya tana matse a wajen 200 a ma'aunin matsi da ake kira bar, idan ta fito ta cikin regileta, wato na'urar numfashin, ta saki jiki sai ta yi sanyi ƙwarai, kamar yadda gefen tukunyar gas ke yin raɓa in an daɗe ana girki. A ruwan da bai kai digiri 10 ba ƙanƙara na iya kama bawul ya tsaya a buɗe, iska ta yi ta bulbulowa. Tambayi jagora ko regiletar ta ruwan sanyi ce, bisa ma'aunin EN 250. Kada ka gwada numfashi da ita a waje cikin iska mai daskarewa, kuma kada ka cika riga da falmaran mai iska, wato wadda ke daidaita tashi da nutsewarka, a daidai lokacin da kake jan numfashi. In ta ɓalle, kada ka rufe baki a kanta gam. Kurɓi iskar kaɗan-kaɗan, ka yi wa abokin nutsonka alama, ku taso tare a hankali. Sanyi yana sa a sha iska da sauri, don haka a yawaita duba agogon tukunya, a fito da saura bar 50 aƙalla.

Azumi, salla, gashin baki da kitso fa?

Kada a haɗa nutso da azumi. Jiki yana buƙatar abinci don ya yi zafi, ƙarancin ruwa a jiki kuma yana ƙara haɗarin ciwon da kumfar iska ke haddasawa a jini. A ci abinci awa ɗaya ko biyu kafin shiga. A kewaya, a yi alwala da salla kafin a sa rigar, domin sanyi yana kawo fitsari, cire ta kuma aiki ne. Gashin baki yana sa gilashin fuska yoyo, a rage na ƙarƙashin hanci. Mata su yi kitso shimfiɗaɗɗe mara tudu don hular ta zauna daidai, su kuma tambayi wurin sauya kaya tun kafin biyan kuɗi, saboda a wasu wuraren a cikin mota ko filin ajiye motoci ake shiryawa.

Yaushe zan ce a fitar da ni, kuma me zan yi bayan na fito?

Da zarar ka fara kakkarwa ba tsayawa, ko yatsu sun kasa danna bawul, ko tunani ya fara nauyi. Kunya ba ta da wuri a nan, jagora ya fi son ka faɗa da wuri. Mai sukuba ya taso a hankali, kimanin mita 9 a minti, ya tsaya minti 3 a zurfin mita 5.

Bayan fitowa zafin jiki yakan ci gaba da sauka na ɗan lokaci. A cire jiƙaƙƙen kaya, a rufe kai, a sha shayi mai zafi da sukari. Mai sukuba kada ya faɗa wankan ruwan zafi nan da nan. Jirgin sama kuma sai bayan awa 12 aƙalla idan nutso ɗaya aka yi, awa 18 idan an maimaita ko an jera kwanaki, don haka a sa ranar nutso a farkon tafiya, ba daren komowa Abuja ba.