Dokar farashi da masu shagunan tufafi: gwamnati ba ta yanke wa atamfa kuɗi ba

Duk lokacin da jami'an hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, suka rufe wani kanti a Abuja, sai magana ta cika kasuwar Wuse cewa gwamnati za ta fara yanke wa 'yan kasuwa farashi, wai har an hana taya da albarka. Wasu masu shagunan yadi kan cire takardun farashi daga jikin kayansu don tsoro. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da zai iya jefa su cikin matsala.

Dokar da hukumar ke aiki da ita ita ce ta gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ta shafi duk mai sayar da kaya, daga babban kanti har mai shago ɗaya.

Hukumar ba ta da ikon cewa turmin atamfa kaza ne kuɗinsa. Sashe na 88 ya bar ƙayyade farashi a hannun Shugaban Ƙasa, shi ma sai hukumar ta ba da shawara, kuma sai a kan kayan da gasa ta yi ƙaranci a kansu. Ko a 2024, da shugabanta Tunji Bello ya ba 'yan kasuwa wa'adin wata guda su sauke farashi, hukumar ta fito daga baya ta ce ita ba ta ƙayyade farashi. Saboda haka wanda ya saro shadda da dala mai tsada, bayan an saki darajar naira a Yunin 2023, yana da damar ƙara kuɗi don ya tsira da jarinsa. Abin da sashe na 127 ya hana shi ne farashin da zaluncinsa ya fito fili. An kuma hana 'yan kasuwa haɗa baki su tsayar da kuɗi ɗaya.

Inda ake ruɗewa shi ne sashe na 115. Ya ce in ka baje kaya don sayarwa, ka nuna farashinsu. Kuma ba ka da damar karɓar fiye da abin da ka nuna. In farashi biyu ne a jikin kaya ɗaya, tsoho da sabo, ƙaramin ne mai saye zai biya. A ce leshi yana ɗauke da takardar N40,000, mai kanti ya ƙara kuɗi a kwamfuta ya manta bai sauya takardar ba, sai aka ce wa Hajiya a wurin biya N46,000 ne. Doka tana tare da Hajiya. Irin wannan saɓani ne hukumar ta ce ya sa ta rufe kantin Sahad na Area 11 a Fabrairun 2024, kafin a sake buɗe shi. Amma in Hajiya ta taya N37,000 ka sallama, babu laifi. Ragi bai haramta ba.

Hukuncin yana sashe na 155, kuma sai kotu ta tabbatar da laifi. Mutum ɗaya na iya fuskantar ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba, ko duka biyun. Kamfani kuwa tararsa ba ta gaza naira miliyan 100 ba, ko kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. A lura, ciniki aka ce, ba riba ba. Duk mai duba lissafin shagonsa bayan wata uku-uku ya san kuɗin da ke shigowa na iya ƙaruwa saboda tsadar kaya, alhali riba na raguwa bayan an cire haya, man janareto da kuɗin mota daga Kantin Kwari. Kashi 10 na ciniki na iya haɗiye ribar shekara gaba ɗaya.

A ganina hana cajin mutum fiye da abin da ya gani a rubuce adalci ne, domin talaka da lissafinsa yake shiga kanti, musamman gab da sallah. Amma miliyan 100 a matsayin mafi ƙarancin tara ta yi wa ƙaramin kamfani nauyi, wanda wataƙila duk kayan shagonsa ba su kai rabin haka ba. Mai shago dai ya mayar da takardun farashinsa, kuma duk ranar da ya ƙara kuɗi ya cire tsohuwar takarda kafin ya buɗe ƙofa.