Hanyar gudu ta Tudun Butser a gandun Queen Elizabeth

Hanyar Tudun Butser hanya ce ta masu gudun hawa da gangara da ke cikin gandun shaƙatawa na Queen Elizabeth Country Park, kusa da garin Petersfield a yankin Hampshire, kudancin Ingila. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe gandun a 1976, kuma yana cikin babban gandun ƙasa na South Downs. Babbar hanyar mota ta A3, wadda ta haɗa Landan da Portsmouth, ta raba shi biyu: daji a gabas, tudu mai ciyawa a yamma. Masu tafiya a ƙafa suna tsallakawa ta ƙarƙashin titin.

Tsayin Butser kusan mita 270 ne daga doron teku. A ma'aunin duwatsun duniya wannan ba komai ba ne, amma daga ofishin karɓar baƙi zuwa ƙololuwa mai gudu zai hau sama da mita 100 cikin ɗan gajeren zango, a fili fetal, ba inuwa ba mafaka. Daga ƙasa ana hango ƙarfen sadarwar da ke bisa tudun kamar a miƙa hannu a taɓa, shi ne ke yaudarar baƙo ya tashi da ƙarfi, haki ya tsayar da shi tun bai kai rabi ba. Hanyar masu doguwar tafiya a ƙafa ta South Downs Way, mai tsawon kilomita 160 daga Winchester zuwa Eastbourne, ta nan ta ratsa. A ɓangaren daji kuma ana yin gudun parkrun na kilomita 5 kyauta kowace Asabar da ƙarfe 9 na safe.

Ƙasar wurin

Wahalar hanyar ta fi zuwa daga ƙasar da ake takawa. Tudun alli ne, da siririyar ciyawa a kansa wadda tumaki ke kiwo. Da rani allin yakan bushe ya yi tauri kamar daɓe. Da zarar ruwa ko raɓa ya taɓa shi, musamman inda sawu ya cinye ciyawar har fari ya fito, sai ya koma santsi kamar sabulu. Cikin allin akwai duwatsun ƙanƙara masu kaifi, irin waɗanda ake ƙyasta wuta da su. Suna murginawa a ƙarƙashin ƙafa, wanda ya faɗi kansu kuwa tafin hannu da gwiwa ne ke biya. A daji matsalar ta sha bamban: laka mai danƙo da ke maƙalewa a takalmi ta ƙara masa nauyi, da saiwoyin itatuwa da busasshen ganye ke rufewa daga watan Oktoba.

Saboda haka takalmin gudun kwalta ba ya aiki a nan lokacin sanyi. Ana so mai haƙora a ƙasa, masu zurfin milimita 4 zuwa 6, da tazara tsakaninsu don laka ta riƙa zubewa. Ko da shi, jiƙaƙƙen alli ba shi da amana, gara a taka gefen da ciyawa take.

Hawa da gangara

A hawa ana gajarta taku, ana taka gaban ƙafa, jiki ya ɗan karkata gaba daga idon sawu. Wanda ya lanƙwashe daga ƙugu yana matse ƙirjinsa, numfashi ya ƙi isa. Ma'auni shi ne numfashin, agogo a bar shi: idan mutum ba zai iya furta kalmomi uku ko huɗu a jere ba, ya wuce ƙima. Inda tudun ya miƙe sosai, gogaggu kan daina gudu su yi tafiya mai sauri, hannuwa dafe da cinya suna turawa. Saurin kusan ɗaya ne, ƙarfin da ake kashewa bai kai ba.

Gangara ce ke ɓarna. Mai tsoro yakan ja jiki baya, ya miƙa ƙafa gaba ya dira da diddige don ya taka birki. Wannan na jawo abu biyu: diddigen ya zame a kan alli, sannan naman gaban cinya ya riƙa ɗaukar nauyin jiki yana miƙewa, abin da ke haifar da tsamin jikin da ke tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan gudun. Daidai shi ne taku ƙanana masu sauri, ƙafa na sauka ƙarƙashin jiki, hannuwa a ɗan buɗe, ido na duban mita uku ko huɗu gaba. Targaɗe ya fi sauƙin samuwa a gangarar ƙarshe, lokacin da ƙafa ta gaji ta daina ɗagawa sosai.

Yanayi

Iskar teku na bugun ƙololuwar kai tsaye, sai mutum ya iso jiƙe da gumi sanyi ya kama shi nan take. Riga marar nauyi mai tare iska, ɗaure a ƙugu, ta wadatar. Hazo kan rufe saman tudun, a Disamba kuma rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma. Daga bazara zuwa kaka akwai kaska a doguwar ciyawa, wasunsu na ɗauke da cutar Lyme, don haka ana duba ƙafafu da bayan gwiwa bayan an dawo. Ƙofofin shingen tumaki kuma a rufe ake barin su.