Waiwaye: Asalin imanin Kiristocin farko da tashin Almasihu

Yawancin masu bikin Ista sun fi sanin labarin kabarin da aka tarar babu kowa a ciki, amma rubutu mafi tsufa da ya lissafa waɗanda Yesu ya bayyana gare su bayan tashinsa bai ambaci wannan ba. Wasiƙa ce da Manzo Bulus ya aika wa mutanen Koranti daga Afisa wajen shekara ta 54, shekaru ashirin da 'yan kai bayan gicciyewar da aka yi a zamanin gwamna Bilatus. A babi na 15, Bulus ya ce shi ma karɓa ya yi daga magabata: Almasihu ya mutu, an binne shi, an tashe shi a rana ta uku, ya bayyana ga Kefas, wato Bitrus, da almajiransa sha biyun nan, da 'yan'uwa fiye da 500, sannan Yakubu ɗan'uwan Yesu. Yadda kalmomin suka jeru kamar hadda ya sa masana da dama ke ganin ana karanta su tun 'yan shekaru kaɗan bayan mutuwar Yesu. Ba mamaki, domin Bulus ya faɗa a wasiƙarsa ga Galatiyawa cewa ya yi kwana 15 a wurin Bitrus a Urushalima.

Tashin matattu ba baƙon zance ba ne ga Yahudawa. Littafin Daniyel ya ambace shi, a cikin ƙungiyoyin addininsu kuma, Farisiyawa sun yarda da shi, Sadukiyawa kuwa sun ƙi. Sai dai masu yardar ranar ƙarshe suke jira, ranar da za a tashi gaba ɗaya. A ce mutum guda, wanda Romawa suka kashe kisan wulakanci, ya riga kowa tashi, wannan ne sabon abu. Bulus ya kira shi nunan fari, alamar girbi ya kama.

Labarin matan da suka yi sammako zuwa kabari ya fara fitowa a rubuce a Bisharar Markus, wajen shekara ta 70, kuma tsofaffin kwafinta sun tsaya ne a kan matan suna gudu cikin tsoro.

Gardama kuwa tun da wuri aka fara ta. Matiyu, a Bishararsa, ya kawo raɗe-raɗin cewa almajirai ne suka sace gawar, zargin da Bajamushe Reimarus ya farfaɗo da shi a ƙarni na 18. A 1835, David Strauss ya danganta abin da ganin ru'uya. Alƙur'ani kuma, a Suratun Nisa'i aya ta 157, ya ce ba su kashe Annabi Isa ba, ba su gicciye shi ba.